Saman Buhu da Gindinsa

Abin da Aliya ta fara gani shi ne ɗaurin bakin buhunan: ƙulli biyu, an soke wutsiyar igiyar ciki, irin na masu tsinkar auduga a Jazira. Kafin ta ɗago kai ta san Baba Ɗanjuma ne.

Tun safe take tsaye a rumfar Abdulmajid, bayan tashar motoci a Omdurman ta ƙasar Sudan, inda ake sayen baƙar hodar da mutane ke kankarowa daga matattun batura. Aikinta shi ne ɗora na'ura a kan hodar. Na'urar ta harba hasken da ido ba ya gani, kowane ƙarfe ya amsa da nasa layi a gilashi. Shekara biyar tana karatun sinadarai a jami'a, abin da ya rage mata ke nan, sai ciwon ƙafa.

"Ya bitti, 'yata, kin rame," in ji tsohon. Shi ne ya ɗauki mahaifiyarta a karonsa, amalanken da jakinsa ke ja, ranar da suka gudu daga yaƙi. "Buhu huɗu ne. Wata uku ni da matata Nagoggo muna kankara, har hannunta ya tsattsage. In Allah ya yarda, ɗakinmu na unguwar Dar Salam zai samu rufi kafin damina."

"Allah ya yarda, Baba."

Ta kwance na farko, ta ɗora na'urar. Layin kobalt, wanda shi masu saye ke nema, ya ɗan ɗaga ya tsaya. Na baƙin ƙarfe kuwa ya miƙe har sama.

"Baba, waɗanne batura ne?"

"Na waya, na kwamfuta, da manyan nan na sola da ake zubarwa."

"Na wayar suna wane buhu?"

Ya yi dariya. "Kowanne! A tabarma muka zube su, muka gauraya sau uku. Ni ba na sa tsaba a sama in ɓoye ƙaiƙayi a gindi. Shekara arba'in ina kai dawa kasuwa, ba wanda ya taɓa juye mini buhu."

Aliya ta san irin waɗannan baturan sola ba su da kobalt, kuma in hoda ta gauraya, babu mai iya raba ta a garin nan.

Ta ɗauki bututun ɗiba. Kullum don kama masu algus take soka shi. Yau wuri ɗaya mai kyau take nema. Ta ɗebo sama, ta ɗebo tsakiya, ta durƙusa ta ɗebo gindi. Ta koma buhu na biyu, na uku, na huɗu. Gumi na ɗiga mata a gilashin, layin bai motsa ba.

"Ustaza, rijiya kike haƙa?" in ji Abdulmajid. "Mutane na jira a rana." Ya leƙo gilashin, ya ja tsaki a hankali. "Ma'alesh, ya Haj, sai haƙuri. Wannan ko na aika Port Sudan, dawo mini da shi za su yi. Da ka ware na wayar, ko buhu ɗaya ne, da ka yi rufinka."

Tsohon bai dube shi ba. Aliya ya duba.

"Bitti, abin nan ba ya kuskure?"

Tana iya cewa caji ne ya yi ƙasa, ya dawo gobe. Amma goben ma rana zai sha tun daga Dar Salam.

"Ba ya yi, Baba," ta ce, idonta a ƙasa. "Sama da gindi duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya," ya maimaita, ya gyaɗa kai.

Ta tsallaka wurin mai shayi ta karɓo masa kofi, ta sa aka ƙara sukari. Da ta dawo, buhunan huɗu na jingine da bango, kowanne an mayar masa da ɗaurinsa tsaf, ƙulli biyu. Can bakin titi karon yana shiga tsakanin motoci, babu kaya a kai, tsohon na tafe a ƙasa kusa da jakinsa.