Ƙofa ta Uku

Bahijja ta tura yatsanta cikin tsagar, ya shige har gindi. Tsagar ta taso daga kusurwar sabuwar ƙofa, ta yi sama a karkace, ta nufi tagar ɗakin mahaifiyarta a bene.

Ko arba'in ɗin mahaifinsu ba a yi ba yayyenta maza suka raba gaban gidan na Dukawuya, kowa ya fasa ƙofar shago a bangon da ke kallon titi. Ta Maharazu, babbansu, ita ce ta uku. Bulo biyu ne ya rage tsakaninta da ta Nazeer. Ba linta mai riƙe saman ƙofar, ba rodi, ga bene a kai.

"Yaya, a tokare bangon yau, a mayar da bulon nan," in ji ta.

Maharazu bai daina jera kwalayen taliya ba. "Injiniya, nan Kano ce, ba Turkiyya ba. Ƙasarmu ba ta rawa."

"Ba sai ta yi ba. Tirela ma ta ishe shi."

"Gadona ne. Naki kason yana baya, je ki gwada iliminki a can."

A Turkiyyar ta yi karatun gini, a can ta ga garin da girgizar ƙasa ta kwantar. Duk bangon da ya faɗi, daga bakin ƙofa ya fara.

Ta hau sama. Mahaifiyarta, Hajiya 'Yardada, na kan darduma, ba kwalli, ba lalle, tana takaba.

"Hajiya, ki taso mu koma gidana a Goron Dutse. Na tambayi Malam Kyari, ya ce mai takaba na iya tashi in ana tsoron gini."

"Shi Kyarin ne zai rufe bakin matan unguwa? A ce 'Yardada ta kasa zaunar wa mijinta? Nan ya bar ni."

"To ɗakin ƙasa."

"Nazeer ya cika shi da buhuna."

"Ki tsawatar musu."

"Waɗanda suka yi ta dukan bango ina sujada ina jin guduma a ƙarƙashin goshina?"

Wata babbar mota ta wuce daga Ƙofar Ruwa, maƙare da rodin ginin wasu. Kwanuka suka yi ƙara a kabad. Bahijja ta leƙa ta taga. Maharazu ya kira mai filasta, ana shafe tsagar don kada masu sayayya su gani.

Hajiya ta kakkaɓe garin siminti daga mayafinta.

"Tashi ki tafi, kina da yara. Kuma kada ki sake kawo min Umar da Sa'ida ɗakin nan sai na fita takaba."

Bahijja ta dube ta. Tsohuwar ta mayar da ido kan carbinta.

Bahijja ta ɗauki takalmanta a hannu, ta sauka a hankali, ba ta dafa bango ba.