Goyo a Kan Tudun Kuza

Zancen ya iso unguwar Gangare tun kafin a sallami yaron daga asibiti: wai aljanar tafkin kuza ce ta kifar da shi. A wani wurin shaƙatawa da aka buɗe a bayan gari ake ba yara hayar babur mai ƙafa huɗu, su hau tudu su zagaya tafki. Yaron ya karye a kafaɗa, ƙanwarsa da ya goya ta fasa goshi. Mutane suka ce abu mai ƙafa huɗu kamar tebur ai ba ya faɗuwa haka kawai.

Hajiya Safara'u, tsohuwar malamar kimiyya a sakandaren 'yan mata, da ta bar su da zancensu, ba don ɗanta Gwadabe ya yi wa 'ya'yansa alkawarin kai su yawon Sallah can ba. Har ya gama tsari: a yi musu tofi, a guji bakin ruwa, babban ɗansa Mustapha ya tuƙa, 'yar auta Hussaina ta riƙe shi ta baya.

Da ta nuna ba ta yarda ba, ya ce, "Hajiya, babba ya kula da ƙarami, ai haka kika raine mu."

"A ƙasa na ce, ba a kan inji ba. Ɗauko mota."

Tana sauka ta gane wurin, duk da fenti da kiɗa. A nan mahaifinta ya yi aikin kuza. Ta tuna tana kawo masa abinci cikin sanyin da ke fasa leɓe, injin haƙa yana gurnani, mata suna wanke ƙasa a kwarya. Tudun nan ƙasar da aka kwaso ce daga ramin da ya zama tafkin. Daga kansa ita da ƙawayenta, 'ya'yan Birom da na Yarbawa, suke sulalowa cikin tsohuwar tasa, su koma gida da jajayen zannuwa a zane su. Yanzu babu ko ɗaya cikinsu da za ta kira ta ce, kin tuna?

"Na girmi tafkin nan," ta ce wa Gwadabe. "In akwai aljana, baƙuwa ce, ita ya kamata ta zo gaishe ni."

Wasiu, mai kula da baburan, ya tarbe ta da dariya. "Mama, hawa za ki yi? Ga ja can, ya dace da gyalenki."

"In hau in bar maka sauran haƙorana? Nuna min inda yaron ya faɗi."

Ya kai ta tsakiyar hawan, nesa da ruwa.

"Wa ya ce a riƙa goyo?"

"Iyaye, Mama. In na hana, su ce a acaɓa ma mutum uku ake ɗauka. Oga ya ce kar in kori kwastoma."

"Hukuma fa?"

"Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu."

Ta sa aka turo babur zuwa wurin, a kashe, aka danne birki. Ta aiki Gwadabe bakin titi ya sayo dankalin turawa, buhu guda da rabin buhu. Aka ɗora cikakken a kan sirdi, a matsayin Mustapha. Ta kama ƙarfen gaba ta ɗaga, bai motsa ba. Aka ɗora rabin a baya, kan ƙarfen kaya, inda ake zaunar da ƙananan yara. Ta sake ɗagawa da hannun da ke mata ciwo in an yi sanyi. Tayoyin gaba suka bar ƙasa. Wasiu ya yi wuf ya tare babur ɗin, amma buhun baya ya riga ya faɗo ya yage, dankali ya gangara har gindin tudu.

Gwadabe ya bi shi da kallo. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Hussaina ba za ta hau ba. Mustapha ma sai ya ƙara girma."

Hajiya ta kakkaɓe jar ƙasar da ke tafinta.

"Mutum ɗaya aka ƙera wa abin nan. In an ɗora na biyu a baya aka hau tudu, gaba ya ɗaga, ya faɗo musu a ka. Abin da ya karya yaron ke nan."