Filogi na Uku

Sun wuce Bakori kaɗan jar fitilar nan ta gaban sitiyari ta fara ƙyafƙyaftawa, motarsu fijo ta shiga karkarwa. Mati ya ƙara taka totur. Ko injin zai fashe, shi dai burinsa ya kai maƙwabcinsa Jimoh asibitin Zariya da rai.

"Tsaya, Mati," in ji Jimoh daga kujerar baya, inda yake kwance, kansa bisa cinyar matarsa Risikat. Tari ya sarƙe shi.

"Ba na tsayawa, Baban Kudirat."

"Za ka kashe motar. Da me yaranka za su ci tuwo?"

Duk Malumfashi an san taurin kan Jimoh bakanike. Tun yana saurayi ya zo daga Ilori, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Mati, kuma ba wanda ya taɓa sa wa motar nan sifana sai shi. Mutumin da ke jin ciwon inji tun daga bakin tasha, ga shi ya yi damina guda yana tari yana cewa hayaƙin salansar mota ne. Abin ya daɗe yana ba Mati haushi.

Ba shi ya tsaya ba, motar ce ta ƙi ja. Ya gangara da ita gefen wata gonar auduga, ya buɗe bonet.

"Baƙin mai fa?" Jimoh ya tambaya ta taga.

"A cike yake."

"To fitilar kuka kawai take yi, ba ta san inda ke mata ciwo ba. Bar ta a kunne, a silo. Cire wayar filogi ɗaya-ɗaya, ka kasa kunne. Wanda ka cire murya ba ta canza ba, shi ne matacce."

Mati ya cire na farko, injin ya nemi mutuwa, ya mayar. Na biyu ma haka. Da ya cire na uku, ko gezau.

"Na uku ne!"

"Na sani," in ji Jimoh, har da 'yar dariya. "Tun a gida na ji shi. So nake ka iya, ba kullum ina nan ba."

"Haba Baban Kudirat, bar wannan magana."

Ya kashe injin, ya kwance filogin, baƙi ƙirin da dauɗa. Ya kankare bakinsa da wuƙa, ya hura, ya goge da gefen rigarsa, yana jin tarin Jimoh jefi-jefi. Ya ɗaure, ya zagaya ya murɗa makulli. Injin ya tashi lafiya lau, fitilar ta mutu.

"Ka ji ta? Baban Kudirat, ka ji yadda ta daidaita?"

Ya kasa kunne kamar yadda aka koya masa. Wannan karon murya ta canza. Babu tarin.

Risikat ba ta yi kururuwa ba. Ta warware gyalenta ta lulluɓe fuskar mijinta, ta ce, "Malam Mati, mu koma gida."

Mati ya yi salati, hawaye suka sauko masa har gemu. Ya rufe bonet a hankali don kada ya yi ƙara, ya juya kan motar zuwa Malumfashi. Motocin auduga suna ta wuce su, ita kuwa fijon tana tafiya sumul, ko tari ɗaya ba ta yi ba.