Husaina Musa Biyu

Shekara shida na yi a wani ƙaramin kamfani a Maraɗi ina gyaran manhajar da wasu suka rubuta. Su rubuta, ta lalace, a kira Tchima. In ta yi kyau kuwa, ba mai tuna sunana. Abin yana cina ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai bana wata ƙungiyar manoma ta kawo mana aiki. Za ta raba irin wake a Agiye da Gangara da Gidan Sori, garinmu, tana son a tsabtace jerin sunayen masu karɓa. Shugabanmu, Shef Ɗahiru, ya miƙo mini aikin. Na zauna na rubuta layi goma sha biyu kacal: duk inda aka sami suna ɗaya, sunan uba ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne ya shiga sau biyu, a goge na biyun. Odinatar, wato kwamfuta, ta share suna ɗari huɗu da sha biyu kafin shayina ya huce.

Aka yi ta tafa mini a buro, wato ofis. Shef ya ce ran Litinin, a gaban shugabannin ƙungiyar, zai ba ni takardar shugabancin sashe. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Ran Asabar na hau kabu-kabu na tafi gida don in yi albishir. An yi ruwan shuka daren Alhamis, gari duk ƙamshin ƙasa. A ƙofar sito na tarar ana rabon irin, sai ga Goggo Husaina, ƙanwar babana, zaune a gefe da buhu a ninke bisa cinya. Ita ta goye ni bayan rasuwar innata. Mijinta ya rasu, gona ɗaya gare ta, kuma wakenta na bara ƙwari sun cinye shi a rumbu.

"Goggo, ba ki karɓa ba?"

"Ina hwa, ɗiyata. Sunka ce injin ya ce babu ni. Wai Husaina Musa ta riga ta amsa."

"Wace Husaina?"

"Ta bakin rijiya mana, wadda kakanninta sunka zo da shanu. Ga ta can. Ni mi niy yi ma injin ga?"

Na karɓi katinta na duba. Ranar haihuwa: ɗaya ga Janairu, 1965. Na je na gaida ɗayar, na roƙi nata. Ɗaya ga Janairu, 1965. Duk wanda aka haifa a gida ba takarda, in ya je yin kati, shekara ake ƙiyasta masa a sa ɗaya ga Janairu. Na san haka tun ina 'yar lakol, wato makarantar boko, katin babana ma haka yake. Kuma a ƙasar nan duk 'yar tagwaye ta biyu Husaina ce, Musa kuwa ko a layin gidanmu sun kai huɗu. Ni da aka haifa a nan na manta, don ina sauri a yaba mini. Kunya ta kama ni har na kasa kallon Goggo.

Na koma bayan sito na kira Shef na faɗa masa duka.

Ya ce, "Tchima, saya wa goggonki tiya biyar ta iri a kasuwa. Sauran mu gyara bayan Litinin, a hankali, ba tare da an ji ba."

"Shef, ƙasa ba za ta jira ba. Kwana biyar, shida, laima ta tafi."

"Kin san in kika faɗa a gabansu, takardar nan ba taki ba ce?"

Na sani. Shekara shida nake jiranta, kuma ina sonta har yanzu. Na ce masa ran Litinin zan zo da jerin gaskiya.

Na buɗe odinatar a zauren mai gari, na maido duk sunayen da na goge. Na tambayi dattawa yadda suke bambanta mutane, suka yi mini dariya. Ai kowa da laƙabinsa: Husaina mai ƙuli, wato Goggo, Husaina ta bakin rijiya, Musa gajere, Musa na Tala. Na ƙara gurbin laƙabi da na unguwa, na hana manhajar goge kowa sai mai gari ya tabbatar. Ranar Lahadi na yini bisa moto, wato babur, daga ƙauye zuwa ƙauye, inda ban kai ba na yi waya. A cikin ɗari huɗu da sha biyu, talatin da ɗaya ne kawai suka shiga sau biyu da gaske.

Ran Litinin na tsaya gaban shugabannin na ce kuskuren nawa ne, ga yadda ya faru, ga gyaran. Suka fusata, kuma suna da gaskiya. Da azahar motoci suka fita da irin. Takardar kuwa Muntari aka ba, abokin aikina, na kuma yi masa barka da baki mai ɗaci.

Talata da safe na bi Goggo gona. Tana gaba tana sara da sungumi, ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. A tsakiyar kunya ta uku na tsaya.

"Goggo, injin da ya ce babu ke, ni na rubuta masa abin da zai ce."

Ta dogara da sungumi ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke? Ke da na goya?"

"Ni."

"To yanzu kin maida ni?"

"Na maida ki. Har da laƙabinki."

Ta juya ta ci gaba da sara. "Ƙwara ukku ake sawa, ba biyar ba," ta ce. "Waken ga na mutane ne, kada ki sake ɓata shi."