Ƙofa Sittin da Uku, Baki Ɗaya

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma Nafi'u na ciki, don mutumin nan ko a barci ba ya ƙyale ni. Ni da shi injiniyoyi ne a cibiyar kwamfuta ta wata jami'a. An ba mu aikin haɗa kwamfutoci sittin da huɗu su riƙa yin lissafi ɗaya tare, kowace ta yi kasonta ta miƙa wa 'yar'uwarta. Ni na ce a ja wayar kowace zuwa babban akwati ɗaya a tsakiya. Shi ya ce a saƙa su kamar tabarma, kowace ta riƙe maƙwabtanta huɗu. Aka ɗauki tasa shawarar. Tun daga ranar nan, da ka kawai nake amsa gaisuwarsa.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari mai ɗaki sittin da huɗu, takwas-takwas a jere, kowane ɗaki da mutum ɗaya riƙe da allo. Rana tsaka ce. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, saboda haka kowa ya kife lemarsa ya zauna a kai. Aikin garin shi ne lissafa ranar da ruwan zai gaji ya dawo, kuma duk wanda tsarin hanyoyinsa ya sa aka gama kafin la'asar, za a rubuta sunansa a ƙofar gari. Ina son sunan nan nawa ya hau ƙofar, ba zan ɓoye ba.

Ƙadangaru ne 'yan aike. Kowane yana ɗauke da takarda a baki, kuma dokar garin ita ce saƙo ba ya wuce ɗaki sai an gaisa. Ƙadangare zai ajiye takardar, ya tambayi kwana, gajiya, iyali, aiki, da jikin tsohuwa, sannan ya ɗauka ya yi gaba. Ƙofofin ɗakunan tsakanin maƙwabta kawai suke, irin tsarin Nafi'u, ni kuma an ba ni ɗakin kusurwa mai ƙofa biyu. Kafin saƙona ya kai ɗaya kusurwar sai an yi gaisuwa goma sha huɗu. Nafi'u kuwa yana tsakiyar gari, ƙofa huɗu, iska ta ko'ina, kuma mafi nisan saƙonsa gaisuwa takwas ne. Kusan kowane ƙadangare ta ɗakinsa yake bi, ina jiyo su suna ta dariya da shi. Ni ba mai leƙo ni sai wanda ya yi ɓatan kai. Abin ya tsaya mini a rai har allon hannuna ya soma yin zafi.

Sai ga ni a ofishin tsara gari. Wata akuya ce a kan kujera, da tabarau, tana taunar fayil a hankali. Na zayyana mata cewa tsarin nan ɓata lokaci ne, a mayar da ni tsakiya, kowa ya aiko ta wurina, gaisuwa biyu saƙo ya isa ko'ina.

"Ƙofa nawa kake so, Injiniya Garzali?" in ji ta.

"Sittin da uku, ranki ya daɗe."

"Baki nawa gare ka?"

"Ɗaya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta buga mini hatimi da kofato, sannan ta cinye takardar izinin.

Ina juyowa na gan ni a tsakiyar gari, ƙofofi sun kewaye ni. An toshe duk ƙofofin da ke tsakanin maƙwabta. An tura Nafi'u can gefe, ɗaki mai ƙofa ɗaya, ita ma ɗakina take kallo. Na leƙa don in ga yadda fuskarsa ta koma, sai na same shi yana lissafinsa, ko a jikinsa. Wannan ma ya ɓata mini rai.

Da farko abin ya yi daɗi. Saƙo ya shigo, mu gaisa, in nuna masa ƙofa, ya fice. Can sai mutum sittin da uku suka gama kasonsu a lokaci guda. Ƙadangaru suka cika ɗakin, layi ya hau bango ya bi ta rufi. Kowane sai na amsa masa kwana da gajiya da jikin tsohuwa. A ƙofar arewa wasu dattawan ƙadangaru biyu suka haɗu, mai shiga da mai fita, wannan ya ce bismilla, wancan ya ce a'a, ai kai ne babba. Haka suka tsaya suna gyaɗa wa juna kai, na bayansu duk suka tsaya. Garin ya yi tsit. Kowa na zaune da allo yana jiran amsar da ke maƙale a ɗakina, miyau kuma ya ƙafe a bakina.

A cikin layin akwai ƙadangaren Nafi'u, na gane shi da ƙaramar hula irin tasa. Na san abin da ya kawo, dariya ce aka naɗe a takarda. Da ya iso gaba na ce ya koma baya, akwai waɗanda suka riga shi. Ya koma ƙarshen layi. Sau uku ina mayar da shi, kuma duk sau ukun na ji sanyi a raina.

Aka kira la'asar. Ladanin zakara ne. Ta ƙofa ta arba'in na hango akuyar ta hau tsani da gwangwanin fenti, ta dubi garin, ta ga ba a gama ba, ta shanye fentin ta sauko. Ƙofar gari ta zauna ba sunan kowa.

Tunda komai ya lalace, na karɓi takardar Nafi'u na warware. Ga abin da ya rubuta: "Garzali, ka sa a buɗe mana ƙofofin gefe mu riƙa miƙa wa juna ƙananan saƙonni, kai ka riƙe na nesa. Tsarinka ya fi nawa sauri a saƙon nesa, na daɗe da sani. In ka amsa yanzu za mu gama da wuri, a rubuta sunanka." A ƙasa ya sa lokaci, tun kafin azahar.

Na karanta sau biyu. Kunya ce ya kamata ta kama ni, amma abin da ya fara zuwa mini shi ne, har a kirki ma mutumin nan ya fi ni.

Ƙadangaren ya gyara hularsa ya ce, "Me zan ce masa?"

Na buɗe baki, sai wata ƙara ta fito maimakon magana. Injin markaɗen maƙwabciyarmu ne aka tayar, har gari ya waye. Wayata na gefen filo, saƙon Nafi'u na ciki, yau kwana tara ban buɗe ba.