Kakin Fijon Alhaji Ishiyaku

"Ba wannan ba, Malam," in ji Alhaji Ishiyaku daga kan tabarmarsa, yana ture kwalbar. "Wannan ruwa ne, wanki biyu ya gudu. Mai tauri nake so, na karnoba."

Malam Uzairu ya ciro kaki na biyu da ya sayo a Kano, na gwangwani. Alhaji ya buɗe, ya shinshina, ya gyaɗa kai.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Rano. Motar da ake magana a kanta Fijo ce 504, wadda Alhaji ya saya a 1979, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ya yi jigilar fasinja da ita har gwiwoyinsa suka gaza. Kowace shekara kafin ruwan farko yakan shafe ta da wannan kaki, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Brazil. Bana hawan jini ya kwantar da shi, likita ya hana shi shiga rana da aikin ƙarfi, sai Malam Uzairu ya karɓi aikin.

"Da sassafe, a inuwa, ƙarfe da sanyinsa," in ji Alhaji. "Kaɗan-kaɗan. Ƙofa ɗaya, ya sha iska, ka goge, sannan ka matsa gaba. Ku 'yan boko kun iya karanta gwangwani, bin sa ne ba ku iya ba."

"Shekara talatin da biyar ina koya wa yara bin ƙa'ida, Alhaji."

"Yara ba su da fenti."

Ranar Asabar Malam Uzairu ya makara. Lokacin da ya fito, inuwar darbejiya ta riga ta janye daga kan motar, ga shi ana jiransa ɗaurin aure a Durba. Ya taɓa ƙarfen, ya ji zafinsa, ya kuma tuna abin da aka gaya masa. Duk da haka ya lafta kakin a jikin motar gaba ɗaya, ya ce a ransa in ya dawo ya goge. Ya hau babur ya tafi.

Bayan la'asar ya tarar da jama'a a ƙofar gidan. Hajiya Huseina, matar Alhaji, ta yi masa bayani daga bayan ƙyaure.

"Da azahar ya leƙo, ya ga ta yi fari fat. Na ce Alhaji ka jira Malam. Ya ce in rana ta ƙara gasa shi ba zai fita ba. A gefenta aka ɗauke shi, da tsumma a hannu."

A asibiti Alhaji ya buɗe ido sau ɗaya ya gane shi. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita da ƙyar.

"Ka... lafta da yawa, Malam."

"Ka yafe mini, Alhaji."

"Rabin bonet... ya rage."

Ranar Litinin ya cika. A zaman makoki babu wanda ya zargi kowa. Wani ma ya nuna Malam Uzairu ya ce, "Ga maƙwabcin kirki nan, shi ke kula masa da mota." Aka yi ta sa masa albarka, yana amsawa da amin, idonsa a ƙasa.

Washegarin sadakar uku, bayan sallar asuba, ya ɗauko tsumman ya nufi motar. Kakin ya bushe ya yi ɓawo. Ya goga, ya goga, har kafaɗarsa ta ƙage, bai share fiye da faɗin tafin hannu ba. Sai a lokacin ya san irin ƙarfin da tsohon ya sa.

Yana nan tsaye ruwan farko ya soma yayyafi. A inda hannun Alhaji ya kai, ɗigon ya dunƙule yana gangarawa ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya rabin bonet ɗin kuwa ya kwanta a kan farin ɓawon, bai motsa ba.