Bakan da Aka Sassaƙa wa Baba

Da Baba ya ajiye tuƙin babbar mota, sai ya je wurin wani masassaƙi ya ce a yi masa baka irin wanda yake harbi da shi yana saurayi. Ni na raka shi. Masassaƙin ya sa shi ya ware hannuwa, ya auna shi da zare, ya matsa damtsensa.

"Tsohon nan da sauransa," in ji shi. Baba ya yi dariya har da tari.

Kafin itacen ya gama bushewa, ɓarin jikin Baba na dama ya shanye.

Ranar da aka kawo bakan, na ɗora masa a cinya. Dogo ne, ya kusa tsayinsa, sumul, launin zuma, an naɗe mariƙin da jar fata. Ya bi shi da hannun hagu daga wannan kai zuwa wancan, ya shinshina, ya taɓa tsirkiyar da farce ta yi ƙara. Bakinsa a karkace yake, amma na gane abin da ya ce: "Ya iya."

Muna haka sai ga Baffa, ƙanin Baba, wanda tun kwanciyar nan ba ya cika leƙo mu.

"Kai, Yaya! Wannan ai na maza ne!"

Ya ɗauke ba tambaya, ya ja tsirkiyar har kunne. Itacen ya lanƙwashe gwanin kyau. Baba ya zuba masa ido.

"Baffa, daidai hannun Baba aka yi shi," na ce.

"Wane hannun, 'yata?" Ya yi dariya. "Bari in ajiye maka, Yaya, in ka warke ka aiko."

Na miƙe zan tare ƙofa, Umma ta riƙe mini zani. Baba ya juya fuskarsa bango.

Da aka kwana biyu na bi ta shagon tayoyin Baffa. Ga bakan can a rataye a ƙusa, rana ta tsattsage shi, an yafa masa tsumman goge baƙin mai. Baffa na gaya wa wani direba wai gadon kakansa ne.

Na dawo gida ina ba Baba magani, ya kamo hannuna.

"Yana harbi da shi?"

"Yana yi, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya haɗiye ƙwayar. Ni kuwa na fita wanke kofin, na daɗe a bakin famfo.